Yadda masu kwale-kwale za su kare wayoyinsu daga ruwa

Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Challawa da ke Ƙaraye a shekarar 1992, kamun kifi da sufurin kwale-kwale suka ƙara bunƙasa a yammacin jihar Kano, yankin da garuruwa irin su Gwangwan ta ƙaramar hukumar Rogo suke.

A yau, wayar salula ta shiga sahun kayan aikin masunci, kamar koma da filafili. Da ita yake cinikin kifi, da ita kuma yake neman agaji idan ta ɓaci.

Akasarin wayoyin zamani na ɗauke da na'urar GPS, wadda ke karɓar saƙo daga taurarin ɗan Adam na Amurka da ke shawagi kimanin kilomita 20,000 a sararin samaniya.

Na'urar na buƙatar saƙon taurari aƙalla huɗu kafin ta nuna wa mutum inda yake, kuma tana aiki ko da babu sabis, muddin an sauke taswirar yankin tun a gida.

Wannan na da amfani musamman a lokacin hunturu, sa'adda hazo kan rufe gaɓar ruwa.

Ma'aunin jure ruwa

Kamfanoni kan bayyana ƙarfin waya da wasu lambobi. Alamar IP67 na nufin za ta iya jure minti 30 a zurfin mita ɗaya, IP68 kuma fiye da wannan zurfi.

Sai dai kariyar kan ragu idan wayar ta tsufa, ko ta tsage, ko kuma an taɓa buɗe ta wajen gyara.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa wayar cikin leda mai zip, sannan a jefa ledar cikin robar da murfinta ke rufuwa gam. Kafin a amince da mazubin, ana iya sa takarda a ciki a nutsa shi a bokiti, a ga ko za ta jiƙe.

Saƙon taurarin na ratsa roba, amma ƙarfe na tare shi, don haka gwangwani bai dace ba.

Ya kamata a ɗaure mazubin da igiya a jikin rigar kariya, ba a jikin jirgi ba, domin idan jirgi ya kife, abin da ke jikin mutum ne kaɗai nasa. A kuma kawar da shi daga rana, saboda zafi na lalata batiri.

Idan ta faɗa ruwa

Matakin farko shi ne a kashe wayar, a goge ta, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa, kada kuma a sa ta caji sai ta bushe sarai.

Kamfanin Apple ya gargaɗi jama'a da su daina binne waya cikin shinkafa, saboda ɓarɓashinta na iya yi mata lahani.

Duk da haka, waya ba ta maye gurbin rigar kariya. A watan Nuwamban 2021, mutane aƙalla 29, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, sun rasu sakamakon kifewar jirgi a Bagwai.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Najeriya, NIWA, ta hana lodin da ya wuce kima da tafiyar dare, ta kuma wajabta sanya rigar kariya.