Sha-kauci a Tsakar Gidajen Zangon Wagadugu

Masu wayar hannu da yawa sun taɓa ganin bidiyon ɗan tsuntsun nan da ke tsayawa cak a iska gaban fure, fukafukansa na kaɗawa har ido ba ya iya bin su. Kolibri ke nan, kuma a nahiyar Amurka kaɗai yake rayuwa, daga Alaska har ƙarshen kudancin Ajantina, iri sama da 300. Mafi ƙanƙanta cikinsu yana ƙasar Kuba, nauyinsa kamar giram 2 ne. Duk wanda ya ce ya ga kolibri a Wagadugu, sha-kauci ya gani, tsuntsun da ke wannan sana'a ta shan ruwan fure a Afirka da kudancin Asiya. Ba danginsu ɗaya ba. Abinci ne ya sa suka yi kama: dogon baki siriri, dogon harshe, da gashi mai walƙiya. Kolibri yana sha yana shawagi, har baya yana iya tashi, shi kuwa sha-kauci ya fi son ya sauka a reshe ya zura baki.

Iri uku ake yawan gani a birnin. Akwai kore mai sheƙi, ja a tsakiyar ƙirji da rawaya a gefe, wanda gashin wutsiyarsa biyu suka zarce sauran tsawo. Akwai baƙi mai jan ƙirji jawur da ɗan kore a goshi, wanda ya fi su girma da surutu. Na ukun shi ne ƙaraminsu, mai gajeren baki da rawayan ciki, wanda ke yin ƙwai da rani. Duk wannan ado na maza ne. Matan ruwan ƙasa ne ko ruwan toka, shi ya sa mutane ke ɗaukar su wani tsuntsu daban.

Maganar tsakar gida tana da nauyi a wajen Hausawan Wagadugu. A shekarar 2003 aka rushe tsohuwar unguwar Zangouettin, inda fatake Hausawa da zuriyarsu suka daɗe da zama, tare da wasu unguwannin tsakiyar gari, saboda aikin gina cibiyar kasuwanci da ake kira ZACA. Iyalai suka koma filayen da aka yanka musu a Ouaga 2000 da Nioko. Ana iya tayar da gini cikin shekara guda, amma bishiyar inuwa sai an jira ta shekaru. Ga shi kuma yayin yanzu shi ne a malale tsakar gida da siminti ko tayil daga ƙofa har bango. Gidan da aka yi wa haka, kurciya da ɓera ne kawai baƙinsa.

Abin da ke kawo sha-kauci shi ne fure, musamman ja ko ruwan lemo mai siffar bututu, kuma ya fi buƙatarsa da rani. Damina a Wagadugu daga Yuni ce zuwa Satumba, lokacin abinci ko'ina. Daga Nuwamba, idan hunturu ya busar da gari, gidan da ke da fure shi ne ke samun tsuntsu. Minjirya tana fitar da jan furenta bayan ta zubar da ganye, kuma reshenta kawai ake sarowa a kafa ya kama. Gurjiya, wadda matan Mosawa ke miya da ƙoƙon furenta, ita ma da rani take cika da ja, sai dai tana son fili. Mai ƙaramin gida ya nemi zogale, wanda ke fure kusan duk shekara ga ganyen kwaɗo, ko gwanda, ko kabar giwa a tsohon bokiti. Ko tumfafiyar da ta fito da kanta a bayan katanga tana da masu ziyara.

Wanda ya tsaya kusa da kaɗanyar da kauci ya hau zai ga abin mamaki. Furen kauci a rufe yake, dogo kamar tsinken ashana. Idan ya nuna, tsuntsun yakan matsa kan furen da baki, gefen furen ya tsage, ya zura bakin cikin tsagar, sai furen ya buɗe farat ɗaya ya watsa masa garin haihuwa a goshi. Da wannan garin yake tashi zuwa fure na gaba, a haka kauci ke samun 'ya'ya. Amma kauci cuta ne ga kaɗanya, yana tsotse ta har ya kashe rassa, kuma man kaɗe hanyar abincin mata ce da yawa a Burkina Faso. Don haka ba abin kawowa gida ba ne.

A Amurka mutane kan rataye 'yar kwalba mai ruwan sukari domin kolibri, kuma dabarar tana aiki da sha-kauci. Awon shi ne cokali 1 na farin sukari a cokali 4 na ruwan da aka tafasa ya huce. Ba a sa zuma, ba a sa kala, don zuma na saurin tsami ta haifar da cutar baki. A zafin Maris da Afrilu, lokacin da awon zafi ke haura 40, dole a zubar a wanke kwalbar kullum, a kuma rataye ta a inuwa. Wanda ba zai iya wannan hidimar ba, ya ajiye kasko marar zurfi da ruwa a kan dakali ko reshe, inda kyanwa ba za ta kai ba. Yayyafa ruwa a ganye da yamma ma yana jawo su, don suna son wanka a jiƙaƙƙen ganye.

Ruwan fure kaɗai ba ya raya su. Da ƙwari da gizo-gizo uwa ke ciyar da 'ya'yanta, da yanar gizo kuma take ɗaure sheƙarta. Sheƙar 'yar jaka ce ta ciyawa da audugar tsiro, a rataye a bakin siririn reshe, ƙofarta a gefe da ɗan rufi a sama. Ƙwai ɗaya ko biyu take sakawa, ta kwanta a kansu kamar mako biyu. Mai feshin maganin ƙwari a bishiyoyin gida yana kashe abincin 'yan tsakin ne, mai share kowace yana kuma yana kwashe mata kayan gini. Sai yara masu danƙo, waɗanda ba su samun ko loma guda a jikin tsuntsun da bai kai nauyin ƙwallon goro ba. Idan aka nuna wa yaro sheƙa aka ɗora masa gadinta, sau da yawa shi ke hana abokansa harbi.

Lokacin kallo shi ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Kunne ne ke fara sanarwa: wani ɗan kuka siriri mai sauri daga cikin ganye. A zauna shiru, rana a bayan mai kallo, don sai haske ya bugi gashin ake ganin korensa, in ba haka ba baƙi kawai za a gani.

Wanda ke son sanin su kafin su zo gidansa, ya je dajin Bangr-Weoogo da ke cikin gari kusa da madatsun ruwa, fili mai fiye da hekta 200 da hukumar birnin ke kula da shi tun 2001. Ƙungiyar Naturama, abokiyar aikin ƙungiyar BirdLife a ƙasar, ita ce ke kan gaba wajen kare tsuntsaye. Dashe kuwa a farkon damina ake yin sa, Yuni ko Yuli, kuma zogalen da aka shuka a lokacin yakan yi fure kafin shekara ta zagayo.