Damisar Malaya: Tarihin ƙungiyar mata da ta yi sammako amma aka wuce ta a hanya

A unguwar Bukit Jalil ta birnin Kuala Lumpur ne hedkwatar Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Nahiyar Asiya take, kuma daga nan ne ake tsara gasar cin kofin Asiya ta mata. To amma abin mamaki shi ne, ƙungiyar mata ta ƙasar Malesiya, wato ƙasar da ta ba hukumar masauki, rabonta da halartar wannan gasa tun shekarar 2001, kuma ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ko wasannin Olamfik ba. Ga wanda bai san tarihi ba, sai ya ɗauka cewa baƙuwa ce a fagen, alhali kuwa tana cikin ƙungiyoyin da aka kafa harsashin wasan da su a nahiyar.

Idan aka waiwaya baya, za a ga cewa ƙwallon ƙafa a Malesiya ya tashi ne a hannun manyan ƙasa. Firayim ministan farko, Tunku Abdul Rahman, wanda ya karɓi 'yancin kai daga Turawan Ingila a 1957, shi ne kuma ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasar, sa'an nan ya riƙe ta nahiyar Asiya daga 1958 har zuwa tsakiyar shekarun 1970. Maiɗakinsa, Tun Sharifah Rodziah, ta tsaya wa wasan mata, kuma sunanta ne aka sa wa kofin da jihohin ƙasar suka fara karawa a kansa a 1976. Tun kafin wannan lokaci, a 1968, Malesiya na cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiya ta daban domin kula da ƙwallon mata a Asiya. A wancan zamani ko a Ingila, inda aka haifi wasan, dokar da hukumar ƙwallo ta kafa a 1921 ta hana mata amfani da filayenta tana nan daram, sai a farkon shekarun 1970 aka ɗage ta.

Da aka shirya gasar Asiya ta farko a Hong Kong a 1975, ƙasashe shida ne kacal suka hallara, ciki har da Malesiya. Niyu Zilan ce ta ɗauki kofin, Tailan ta zo ta biyu, Ostareliya ta uku, Malesiya kuma ta huɗu. Bayan shekara takwas, a gasar 1983 da aka yi a Tailan, 'yan matan Malesiya sun zo na uku, bayan masu masaukin baƙi da Indiya. Wannan shi ne matsayi mafi girma da ƙungiyar ta taɓa kaiwa a nahiyar.

Daga nan ne lissafi ya canja. A 1986 aka mayar da harkar ƙwallon mata ƙarƙashin babbar hukumar nahiyar, kuma a wannan shekara ce ƙasar Sin ta fara lashe kofin, ta yi ta ɗaukarsa sau bakwai a jere har zuwa 1999. Sin da Japan da Koriya ta Arewa sun shigo da tsarin horo na dindindin da tallafin gwamnati, wanda ƙungiyar da ake tarawa 'yan makonni kafin gasa ba za ta iya ja da shi ba. Malesiya ta karɓi baƙuncin gasar sau biyu a jere, a birnin Kuching a 1993 da kuma Kota Kinabalu a 1995, amma a duka biyun tun a zagayen farko aka fitar da ita a gaban jama'arta. Abin da ya ɗan share mata hawaye shi ne lambar azurfa da ta samu a ƙarshen 1995, a wasannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya da aka yi a Chiang Mai ta ƙasar Tailan.

Hausawa kan ce in wani ya yi sammako, wani a tafe ya kwana. Maƙwabtan da a da ba a lissafa su su ne suka zo suka sha gabanta. Ƙasar Biyetnam, wadda ta kafa gasar lig ta mata a 1998, ta zama gagarabadau a yankin, har ma ta zo birnin Kuala Lumpur a 2017 ta ɗauki lambar zinariya, yayin da masu masaukin baƙi suka ƙare a ƙarshen teburi cikin ƙasashe biyar. Tailan ta je gasar cin kofin duniya a 2015 da 2019, ko da yake a karo na biyu Amurka ta yi mata ruwan ƙwallaye 13 ba ko ɗaya. A 2023 kuwa Biyetnam da Filifin ne suka je, inda Filifin, wadda ta tattaro 'yan asalinta haifaffun ƙasashen waje, ta doke Niyu Zilan da ci ɗaya mai ban haushi a gidanta.

Tambayar da mai karatu zai yi ita ce, me ya hana Malesiya? Ba za a ce rashin dukiya ba ne, domin ƙasa ce mai arzikin man fetur da manja da masana'antu, wadda ta gina filin wasa mai ɗaukar mutane fiye da dubu 80 a Bukit Jalil domin wasannin Kwamanwel na 1998. Haka kuma ba za a ce matan ƙasar ba su iya wasanni ba. Nicol David ta lashe kambin duniya na wasan sikwash har sau takwas, Pandelela Rinong kuma ta samo lambar tagulla a wasan alkafura cikin ruwa a Olamfik na Landan a 2012. Inda gizo yake saƙa shi ne rashin gasa ta cikin gida mai ɗorewa. Shekara da shekaru, kofin Tun Sharifah Rodziah, wanda jihar Sabah ta yi fice a cikinsa, gajeruwar gasa ce da ake kammalawa cikin ɗan lokaci, daga nan sai 'yan wasa su koma makaranta ko wurin aiki. Wadda ba ta buga wasa mako-mako ba za ta iya yin minti 90 da wadda ƙwallo ce sana'arta ba.

A nan ne kwatanci da Najeriya yake da amfani. Sai a 1991, wato shekara 16 bayan gasar Hong Kong, ƙungiyar Super Falcons ta fara fita fagen duniya. Sai dai ta tarar da kulob-kulob a ƙasa, irin su Jegede Babes da Ufuoma Babes, daga baya kuma Pelican Stars da Rivers Angels da Nasarawa Amazons suka ci gaba da samar mata da 'yan wasa. Sakamakon haka, ba a taɓa yin gasar cin kofin duniya ta mata ba tare da Najeriya ba, ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a 1999, kuma a watan Yulin 2025 ta doke Maroko da ci uku da biyu a Rabat ta ɗauki kofin Afirka karo na goma. Duk da haka ita ma tana da nata ciwon, don kuwa a 2004 da 2016 da 2019 sai da 'yan wasan suka yi zaman dirshan a masaukinsu saboda kuɗaɗen da suke bi. Najeriya tana da 'yan wasa amma biyansu kan zama rigima, Malesiya kuwa tana da filaye amma ta daɗe ba ta da inda za ta reni 'yan wasan.

Akwai kuma batun sutura, wanda ya shafi iyalai a Malesiya kamar yadda ya shafi na Kano ko Maraɗi, kasancewar fiye da rabin al'ummar ƙasar Musulmi ne. A 2007 aka hana buga wasa da ɗankwali ko hijabi, har ta kai ga an hana ƙungiyar Iran karawa da Jordan a 2011 a wasan neman gurbin Olamfik. A 2014 aka janye dokar baki ɗaya, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta zama mace ta farko da ta buga gasar cin kofin duniya ta manya sanye da hijabi. Wannan ya rage wa iyaye da dama fargaba, ya kuma buɗe ƙofa ga yarinyar da ke son wasan ba tare da ta sauya shigarta ba.

A 'yan shekarun nan hukumar ƙwallon ƙafa ta Malesiya ta fara gyara. Ta ɗauko Soleen Al-Zoubi daga Jordan domin ta kula da ɓangaren mata, kuma a 2023 aka ƙaddamar da gasar lig ta mata ta ƙasa. Ko da yake a wasannin share fage na 2025 ƙungiyar ta kasa samun gurbi a gasar Asiya ta 2026, saboda Koriya ta Arewa ce ta karɓe tikitin rukuninsu, ƙofar tana ƙara faɗi, domin hukumar FIFA ta amince a ƙara yawan ƙasashen da ke zuwa gasar duniya daga 32 zuwa 48 daga shekarar 2031. Ko Damisar Malaya za ta ci moriyar wannan dama, ya danganta ne ga ɗorewar sabuwar gasar lig ɗin, da kuma yawan 'yan matan makarantun firamare da sakandare da za a fara koya wa wasan tun yanzu, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.