RSA-129: Lambar da ta gagari duniya shekara 17, da alaƙarta da wayarka

Buɗe kalkuletar wayarka ka buga 89 sau 97. Nan take za ta ba ka 8,633. To, a ce 8,633 ɗin kawai aka miƙo maka, aka ce nemo lambobi biyun da suka haife ta. Sai ka yi ta gwaji, ka raba da 3, ka raba da 7, da 11, har ka isa 89. Haɗawa ba wuya, warwarewa ce aiki.

Ita 89 da 97 suna cikin lambobi marasa rabuwa, wato waɗanda babu abin da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu. A kan wannan ɗabi'a tasu aka gina RSA, tsarin ɓoye bayanai da Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka a 1977. Ana ɗaukar manyan lambobi biyu marasa rabuwa, a ninka su, a baje sakamakon a fili kowa ya gani. Wanda ya san iyayen lambar ne kaɗai ke da mabuɗi. Har gobe shafuka masu yawa da adireshinsu ya fara da https, ciki har da na bankuna, da RSA suke tabbatar wa wayarka cewa su ne na gaske ba na 'yan damfara ba.

A watan Agustan 1977 mujallar Scientific American ta buga wata lamba mai alƙaluma 129 tare da saƙon da aka kulle da ita, aka sa ladan dala 100 ga duk wanda ya warware. Rivest ya ƙiyasta cewa aikin zai ci shekara miliyan 40 sau biliyan ɗaya. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. Masana lissafi sun samo dabarun da suka fi gwaji ɗaya-bayan-ɗaya sauri nesa ba kusa ba, sannan intanet ta zo. Mutum kusan 600 suka ba da aron kwamfutoci wajen 1,600, aka yi wata takwas ana aiki, a Afrilun 1994 lambar ta tsage gida biyu: ɗaya mai alƙaluma 64, ɗaya mai 65.

A Fabrairun 2020 wasu masana daga Faransa da Amurka suka fasa RSA-250, mai alƙaluma 250, aikin da zai ɗauki ƙwaƙwalwar kwamfuta guda kusan shekara 2,700. Kada gabanka ya faɗi: mabuɗin da aka fi amfani da shi yau alƙalumansa 617 ne, kuma kowane ƙarin alƙalami ƙara wa aikin nauyi yake.

Ni dai abin da ya fi damuna ba girman lambar ba ne, yadda ake zaɓo iyayenta ne. A 2017 an gano cewa wata manhaja da ke cikin wasu katunan lantarki tana zaɓen lambobin bisa tsarin da za a iya hasashe. Ƙasar Istoniya sai da ta dakatar da takardun shaidar katunan ɗan ƙasa sama da 700,000 har aka sabunta su. Irin waɗannan gyare-gyaren ne ke zuwa cikin sabuntawar da kake ta ɗagewa saboda tsadar data.

Akwai kuma kwamfutar kwantum. Tun 1994 Peter Shor ya nuna cewa idan aka ƙera babba irinta, warware waɗannan lambobi zai zama wasan yara. Ba a kai can ba tukuna, amma a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin tsare-tsaren da ba su dogara da rabon lamba ba. Signal da iMessage sun riga sun fara sauya nasu makullan.