Hoton Kaya Ma Yana da Nauyi

Ana saura mako uku Ƙaramar Sallah 'yar yayata ta shigo gidana da waya a hannu, ranta a ɓace. Atamfa da leshi da mayafai take sarowa a Kantin Kwari ta sayar ta intanet, kuma ta biya kuɗi an buɗe mata shafinta na kanta don ta huta da tura hotuna ɗaya bayan ɗaya ga duk wadda ta tambaya. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kawu, don Allah duba mini wannan abu. Mutane suna shiga amma ba sa saye. Wata ma cewa ta yi shafina ya cinye mata data."

Na karɓi wayar na buɗe. Sunayen kaya da farashi suka fito nan take, amma gurbin hotuna fari fat. Can sai hoton farko ya fara saukowa daga sama sannu a hankali, kamar ana sakin labule. Kafin na uku ya kammala har na ƙagu, ga shi kuwa ni ba saye na zo yi ba. Da muka duba a kwamfuta sai muka tarar hotuna 40 ne a shafin farko, kowanne yana neman megabait 4, yadda ya fito daga kyamarar waya haka aka ɗora shi. Idan ka haɗa, kusan megabait 160 ke nan. Mai gigabait ɗaya a layinta, sau shida za ta leƙa shagon datarta ta ƙare. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari, saboda haka yanzu kowa lissafi yake yi da datarsa. Mai shago ita ta ɗauki hoton, amma kwastoma ce ke biyan kuɗin dakonsa, tun ba ta ga kayan ba.

Abu biyu ne a nan, kuma mutane na yawan cakuɗa su: girman hoto da nauyinsa.

Hoton waya ƙananan ɗigogi ne jere reras, waɗanda ake kira fiksel. Kyamara mai megafiksel 12 tana fitar da hoto mai ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsaye, wato ɗigo miliyan 12. To amma fuskar yawancin wayoyin da ke hannun mutanenmu, su Tecno da Infinix da Itel, faɗinta ɗigo 720 ne ko 1080, kuma a jerin kaya hoto ɗaya rabin wannan faɗi yake ci. Sai wayar kwastoma ta sauke duk miliyan goma sha biyun nan, sannan ta ƙanƙance hoton da kanta don ya shiga gurbinsa, ta watsar da mafi yawan abin da aka biya kuɗi aka sauke. Tamkar ka ɗauki hayar tirela ne don kai turmin atamfa ɗaya. Idan aka mayar da hoton ɗigo 1000 a faɗi da 750 a tsaye, ɗigogin sun koma 750,000, sun ragu ninki 16 ke nan, kuma a fuskar waya ido ba zai ga bambanci ba.

Manyan kasuwannin intanet sun daɗe da sanin haka. Instagram ya saba mayar da hotuna faɗin 1080. Amazon na buƙatar aƙalla ɗigo 1000 a ɓangaren da ya fi tsawo kafin mai saye ya iya zuƙo hoto ya duba da kyau. Shopify na ba da shawarar 2048 a kowane ɓangare, amma shi da kansa yake yanka ƙananan kwafi ya aika wa kowace waya daidai da ita. Ƙaramin shafin da aka haɗa wa 'yar kasuwa sau da yawa ba ya yin wannan aiki, abin da aka ba shi shi yake miƙawa. A ganina mai sayar da yadi ta tsaya tsakanin 1200 da 1600 ga babban hoton da ake buɗewa a duba saƙa, 500 ko 600 kuwa sun wadatar ga ƙananan da ke jere.

Matsewa kuma wani aiki ne daban. Da za a ajiye hoton nan mai ɗigo miliyan 12 ɗanye, kowane ɗigo da bayanin launinsa cikakke, da ya kai megabait 36. Abin da ya sa yake zuwa a 3 ko 4 shi ne tsarin JPEG, wanda wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya fitar a 1992, kuma har gobe shi ne ya fi yawa a intanet. Dabarar tasa ta dogara ne kan raunin idon ɗan Adam. Ido ya fi kula da haske da duhu a kan launi, kuma ba ya tantance ƙananan canje-canjen da ke tsakanin ɗigo da maƙwabcinsa. Sai JPEG ya yanyanka hoto gida-gida, kowane gida ɗigo 8 sau 8, ya riƙe abin da ido zai lura da shi, ya zubar da sauran. Mai matsewa ne ke zaɓar yawan abin da za a zubar, da wani ma'auni da ke tashi daga 1 zuwa 100. Tsakanin 75 da 85 hoto na yin sauƙi ƙwarai ba tare da an gane ba. Idan aka gangara ƙasa da 60 sai gidajen nan su fara bayyana, gefen kaya ya yi dishi-dishi, farin bango ya yi dabbare-dabbare.

Abin da aka zubar kuwa ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Duk lokacin da aka buɗe hoton JPEG aka gyara aka sake adanawa, ana ƙara zubar da wani abu. Shi ya sa hotunan da ke yawo tsakanin dillalai suke fita hayyacinsu. Mai shago a Kwari ya tura ta WhatsApp, manhajar ta matse shi. Wadda ta karɓa ta ɗauki hoton fuskar wayarta, ta rubuta farashi a kai, ta tura gaba, aka sake matsewa. Kafin ya isa ga mai saye, leshi ya koma kamar an shafa masa koko. WhatsApp ya ƙara maɓallin HD a 2023, ya rage ɓarnar, amma mai son hoto ya isa yadda yake sai ta ce a turo mata shi a matsayin fayil, ta wurin da ake tura takardu.

A kan yadi ne nake son mu ɗan dakata, domin nan ne na fi ganin ana kuskure ta ɗaya ɓangaren, wato matse hoto fiye da kima. Don ya rage nauyi, JPEG yakan ajiye bayanin launi guda ɗaya ga kowane ɗigo huɗu, alhali kowane ɗigo yana da nasa bayanin hasken. A hoton takalmi ko tukunya ba wanda zai lura. Amma a atamfar da ke da jan zane siriri a kan baƙi ko shuɗi, jan yakan malala ya shiga maƙwabcinsa. Ƙananan ramukan leshi sukan toshe, shadda kuma ta rasa adon nan nata da ba ya fitowa sai haske ya doke shi. Mai sayen yadi a kasuwa taɓawa take yi, ta murza, ta fita da shi bakin ƙofa ta duba a rana. A intanet ba ta da komai sai hoton nan. Idan an matse shi har kala ta sauya, kaya suka iso ta ga ba abin da ta gani ba ne, ba za ta ɗora laifin a kan manhaja ba. Cewa za ta yi an cuce ta, kuma za ta faɗa wa ƙawayenta. Ni dai gara hoton leshi ya kai kilobait 250 ya faɗi gaskiya, da ya zama 60 ya jawo a dawo da kaya.

Akwai wasu nau'o'in hoto ban da JPEG. PNG, wanda ya fito a 1996, ba ya zubar da komai, don haka ya dace da tambarin shago, amma hoton kaya a cikinsa nauyi gare shi sosai. Google ya fito da WebP a 2010, ya ce ya fi JPEG sauƙi da kashi 25 zuwa 34 cikin ɗari a inganci iri ɗaya, kuma tun da Safari na kamfanin Apple ya karɓe shi a 2020 kusan kowace waya na buɗe shi. Masu iPhone su lura: tun 2017 wayarsu a nau'in HEIC take ajiye hoto, ba kowace manhajar shiga intanet ke nuna shi ba, sai an juya shi tukuna.

Duk wannan bayani mai sauƙi ne idan hoto ɗaya ne. 'Yar yayata tana da fiye da 300, kuma duk sati sabbin kaya na shigowa. Wanda zai bi su ɗaya-ɗaya zai gaji a na ashirin, wasu su fito manya wasu ƙanana, shago ya zama ba tsari. Maganin shi ne a yi su jimla: a kafa ƙa'ida sau ɗaya, a nuna wa kwamfuta folda, ta bi kowane hoto da ita. Kayan aikin ana sauke su kyauta, ko da yake wasunsu na neman lasisi ga mai amfani da su don kasuwanci. IrfanView, wanda ke nan tun 1996, yana da wurin yin wannan, haka ma XnConvert. Masu haɗa shafuka sun fi amfani da ImageMagick, da layi ɗaya na umarni ake gama dubban hotuna. Shafin TinyPNG na karɓar hotuna 20 a lokaci guda, sai dai dole a loda su da datarka. Squoosh na Google ɗaya-ɗaya yake yi, amma yana nuna na asali da matsattse gefe da gefe, don haka ya dace da gwaji kafin a tsayar da lamba.

A daren ranar da ta zo, XnConvert muka yi amfani da shi. Abu na farko da muka yi shi ne kwafe foldar asali muka ajiye a gefe, domin wasu kayan aikin a kan hoton asali suke rubutawa, umarnin mogrify na ImageMagick ma haka yake yi idan ba a nuna masa wata folda ba. Wanda ya rasa na asali ba shi da wurin komawa sai ya sake ɗauka, ga shi wataƙila an sayar da kayan. Sannan muka ce ɓangaren da ya fi tsawo ya zama 1400, kada a taɓa daidaiton faɗi da tsawo, kada kuma a ƙara wa ƙaramin hoto girma. Tilasta wa dogon hoto ya zama murabba'i yana murɗe zane, da'irar atamfa ta koma ƙwai. Idan ana son duka su zo daidai wa daida, a cike gefe da fari.

Da yake sai an gwada akan san na ƙwarai, mun fara da hotuna biyar mafiya wuya: jar atamfa, farin leshi, baƙar shadda da mayafai biyu masu duwatsu. Da muka sa ma'aunin matsewa a 70 leshin ya toshe, a 82 ya fito tas, sai muka tsaya a nan. Gwajin ne kuma ya tona mana wata matsala, domin biyu daga cikin biyar ɗin sun fito a kwance. Dalili shi ne waya na ɓoye wasu bayanai a cikin kowane hoto, ana kiransu EXIF, ciki har da alamar da ke nuna ina ne sama. Mun ce a goge bayanan ba mu ce a fara miƙar da hoton ba. Da duka 300 muka saki, da mun kwana gyara. Aikin jimla yadda yake ninka sauƙi haka yake ninka kuskure. Masu iPhone kuma su sa a juya launi zuwa ma'aunin sRGB kafin gogewa, in ba haka ba kala takan dushe.

Goge bayanan nan ya wuce maganar nauyi. Idan an bar wa kyamara izinin sanin wuri, EXIF na ɗauke da lambobin da ke nuna daidai inda aka ɗauki hoton. Facebook da Instagram suna cire su kafin su nuna wa jama'a, amma shafinki na kanki ba lallai ya cire ba, haka ma hoton da aka tura a matsayin fayil. Mata da yawa a tsakar gidansu suke shimfiɗa kaya su ɗauka. Da na nuna wa 'yar yayata unguwarsu a taswira daga hoton mayafi ɗaya, shiru ta yi na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kawu, goge duka."

Aikin gaba ɗaya bai kai minti biyar ba. Shafin farko ya sauko daga megabait 160 zuwa kusan 6, kuma da aka sa ƙananan kwafi a jerin kaya sai ya ƙara sauƙi. Wani binciken Google na 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi da waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Mai saye a Gumel ko Maraɗi, inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ba ta da dalilin da zai sa ta fi su haƙuri, tunda ga wasu shagunan birjik a wayarta.

Masu haɗa wa 'yan kasuwa shafuka, wannan haƙƙi ne a wuyanku: ku saita shafin ya riƙa rage hoto da kansa, ko ku zauna ku koya wa mai shago kafin ku karɓi cikon kuɗinku. Ke kuma mai shago, yau da dare ki ari ƙaramar wayar ƙanwarki, ki buɗe shagonki da datar layi kamar baƙuwa, ki ƙirga daƙiƙa nawa hoton farko ya ɗauka. Idan ya wuce uku, ki ware hotunanki na asali a folda guda tun kafin kayan Sallah su iso, ki fara gwaji da guda biyar.