Gadin jinga da haƙƙin ido: zama da kogi a ƙasar Haɗeja

A yawancin garuruwan Arewa, idan hadari ya washe, taurari suka fito, sai magidanci ya ja mayafi ya kwanta da natsuwa. A Haɗeja lamarin ba haka yake ba. Ruwan da Bahaɗeje ke tsoro ba lalle ne ya zuba a kan rufin ɗakinsa ba. Yana iya zuba can a kudanci da yammacin Jihar Kano, ya gangara cikin Kogin Kano da Kogin Challawa, su haɗe a kusa da Tamburawa, ya ratsa Wudil, ya wuce ta ƙasar Ringim, ya yi kwanaki yana tafiya kafin ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ba ta da gangaren da zai kore shi da sauri. Shi ya sa daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba za ka ga sararin sama fes, amma mutane na bakin kogi da tocila suna duba inda ruwa ya kai a jikin sandar da suka kafa da la'asar.

Wannan tsoro yana da tushe. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukkansu a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Sun kawo alheri mai yawa: ruwan sha ga birnin Kano, da noman rani a Kadawa da Auyo. Amma sun sauya ɗabi'ar kogin. A da kogi ne da kan cika da damina ya janye da rani. Yanzu ruwa na gudana a cikinsa kusan duk shekara, kuma wannan danshi marar yankewa shi ya ba ciyawar kachala damar mamaye hanyoyin ruwa. Kachala na tare yashi da laka, hanya ta cushe, idan damina ta yi ƙarfi madatsun suka tumbatsa sai ruwa ya rasa mafita, ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Mutanen Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma, Guri, Kaugama, Malam Madori da Birniwa ba sa bukatar a ba su labarin 2010, ko 2018, ko 2020. A 2022 kuwa, shekarar da ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a faɗin Najeriya ta raba sama da miliyan 1 da muhallansu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, inda aka rasa rayuka fiye da 100. A waccan shekarar, kamar yadda aka yi a 2020, matasan Haɗeja sun kwana a kan jinga suna ɗura yashi a buhuna domin kare garinsu.

Ba a kan ruwan nake son tsayawa ba a yau. Akwai wata ɓarna da yake bari wadda jami'an agaji ba sa ƙirga ta, domin ba a ganin ta a katanga ko a gona. Ita ce gajiyar da kan kama zuciyar mutumin da ya daɗe yana jiran musiba.

Ina da wani kawu a ɗaya daga cikin ƙauyukan bakin kogi wanda ruwa ya cinye masa rumbu biyu da ɗakin uwargidansa. Allah Ya mayar masa da abin da ya rasa cikin shekara biyu, amma barcinsa bai dawo ba. Da zarar marka ta kama, da takalminsa yake kwana. Ya hana a ɗaura auren 'yarsa da damina, aka ɗaga zuwa kaka. Da kaka ta zo sai ya ce kuɗin na sayen siminti ne. Yara suka daina wasa a tsakar gida idan yana nan, saboda tsawa. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, a shekarar da ruwan ya sake zuwa da gaske, shi ne aka ɗauka a kan amalanke, domin hawan jini ya riga ya kwantar da shi. Mutumin da ya fi kowa shiri a ƙauyen ya zama ɗaya daga cikin kayan da za a kwashe.

A gefe guda kuma akwai kishiyarsa, wanda kowa ya sani. Shi ne mai cewa kakanninsa a nan suka zauna, abin da Allah Ya rubuta ba makawa, ya ƙi yashe kwatar ƙofar gidansa, ya ƙi ɗaga hatsi daga ƙasa, ya kira wannan tawakkali. Malamai sun yi bayani a kansa har sun gaji. Ruwayar Tirmizi game da mutumin da ya tambayi Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, aka umarce shi da ya ɗaure ta tukuna, ko ɗalibin Islamiyya ya san ta. Abin da ba a cika faɗa a kan mumbari ba shi ne, sau da yawa wannan mai sakacin tsohon mai fargaba ne da ya ƙosa. An tashe shi da tsakar dare sau biyar da saƙon WhatsApp cewa an buɗe Tiga, ya kwashi iyali zuwa tudu, gari ya waye ba komai. A karo na shida sai ya juya ya gyara kwanciya. Mai yaɗa jita-jitar ambaliya, ko da niyyarsa ta alheri ce, yana cinye ƙarfin da jama'a za su bukata ranar da gargaɗin zai zama gaskiya. Umarnin da Suratul Hujurat ta yi na tantance labari kafin a yi aiki da shi yana da muhalli a nan fiye da yadda muke zato.

To, ina iyakar shiri? Ina ganin amsar tana cikin ƙissar Annabi Yusuf (Alaihis Salam), idan aka karanta ta da idon manomi. Shawarar da ya ba mutanen Masar tana da adadi: shekara 7 na noma, shekara 7 na tsanani, sannan shekarar sauƙi. Tana da dabara: a bar hatsi a cikin zangarniyarsa, wanda shi ne abin da Bahaushe ke yi har gobe idan ya zuba damin gero a rumbu ba tare da ya sussuke ba. Kuma tana da togaciya: ban da abin da za a ci. Bai ce mutane su ɗaure ciki su daina cin abinci don tsoron yunwar da ke tafe ba. Haka nan ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) yakan keɓe wa iyalansa abincin shekara guda. Tanadi ne mai iyaka, wanda ake yi a gama, a juya ga sauran al'amuran rayuwa.

Wannan kalma ta gamawa ita ce ta kuɓuce wa kawuna. Shirin ambaliya a gidan talaka ba abu ne marar ƙarshe ba. Ayyuka ne da za a iya lissafa su da yatsu, kuma mafi yawansu aikin bazara ne, ba na marka ba. Kafin ruwan farko ake yashe magudana, a yaɓe gindin katanga, a gyara indararo. A lokacin ne ake naɗe takardun gida da na gona, da katin ɗan ƙasa, da sakamakon jarrabawar yara a cikin leda mai kauri a rataye su a sama. Ɗalibi ya ɗauki hotonsu da waya ya tura wa wani ɗan'uwa a Kano ko Dutse. A lokacin ne maigida zai zauna da matansa su yanke shawarar gidan wa za a nufa idan ta ɓaci, wa zai goya tsohuwa, wa zai kora awaki. Idan an yi wannan an gama, to abin da ya rage sauraro ne, kuma sauraron ma a taƙaita shi ga majiya mai tushe: hasashen da NiMet da NIHSA ke fitarwa tun farkon shekara, sanarwar hukumar agajin gaggawa ta jiha a rediyo, da bakin bulama ko mai unguwa. Wanda ya ƙara a kan wannan da kwana yana latsa waya bai ƙara wa jinga buhu ko ɗaya ba.

Gadin dare kansa yana da sunna. Abu Dawud ya ruwaito cewa a hanyar dawowa daga yaƙin Zatur Riƙa'i, Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya nemi waɗanda za su yi gadin rundunar, sai mutum biyu suka miƙe, ɗaya Bamuhajire ɗaya Ba'ansare. Malaman sira sun ambace su da Ammar bin Yasir da Abbad bin Bishr, Allah Ya yarda da su. Da suka isa bakin kwarin, raba daren suka yi: ɗaya ya kwanta, ɗaya ya tsaya. Ana yawan kawo wannan ƙissa don nuna yadda Abbad ya ci gaba da sallah kibau na sukarsa, kuma hakan daidai ne. Amma a lura da ɗayan ɓangaren: ga abokan gaba a kusa, ga Annabin Allah a cikin rundunar, duk da haka Ammar ya kwanta ya yi barci, sauran rundunar ma duk suna barci, kuma ba wanda ya zarge su da sakaci. Barcinsu wani yanki ne na tsaron. Unguwar da ta tsara matasanta kashi uku a kan jinga, wasu daga isha'i zuwa tsakar dare, wasu zuwa asalatu, wasu da hantsi, za ta iya riƙe ruwa mako uku. Wadda kowa ya fito a daren farko da zafin nama, a dare na huɗu ba za a sami mai ɗaga shebur ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da irin wannan ƙarewar ƙarfi cikin kundinta a 2019, a matsayin abin da matsin aiki marar yankewa ke haifarwa, kuma ta siffanta shi da gajiya, da jin nisa daga aikin da mutum ke yi, da raguwar ƙwazo. Wanda ya taɓa zama da 'yan sa-kai a mako na uku na aikin gayya ya ga alamomin uku duka: ido ja, faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, da buhun da aka jefa ba a danne shi ba. Salmanul Farisi ya gane wannan ciwo tun da daɗewa a gidan ɗan'uwansa Abu Darda'i, lokacin da ya tarar da matarsa cikin ƙazamar tufa saboda mijin ya juya wa duniya baya. Ya sa shi ya karya azumin nafila, ya hana shi tsayuwar dare sai ƙarshensa, ya tuna masa cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa ma haka. Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) kuma ya gaskata Salman. Idan an hana mutum ya ƙarar da kansa a kan ibada, ina ga ƙarar da kai a kan zullumi?

Akwai kuma wani nau'in laifi da wasu ke ɗora wa kansu, musamman ɗalibanmu na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, waɗanda iyayensu ke ƙauyukan fadama. Sai yaro ya ji kamar cin amana ne ya yi dariya da abokai, ko ya buga ƙwallo da yamma, alhali ruwa na barazana ga gonar mahaifinsa. Irin wannan tuhumar kai ce ta kai Hanzala wurin Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam), kamar yadda Muslim ya ruwaito, yana jin tsoron ya zama munafuki don yakan koma gida ya shagala da mata da 'ya'ya da gonaki. Amsar da ya samu ita ce zuciya ba ta dawwama a kan hali guda, kowane abu da lokacinsa. Ɗalibin da ya kira gida sau ɗaya da safe, ya aika abin da ya sawwaƙa, ya koma kan littafinsa, ya yi abin da ke kansa.

Shari'a ma ba ta ɗauki ruwan sama a matsayin lokacin ƙara wa mutane nauyi ba. A mazhabar Malikiyya da aka gina karatun ƙasar nan a kanta, an yi rangwamen haɗa magariba da isha'i a masallaci a daren ruwa, kuma limamanmu na yin haka duk damina. An ruwaito Ibn Abbas ya umarci ladaninsa a ranar ruwa da taɓo ya sanar da mutane su yi sallah a gidajensu. Limamin da ya taƙaita karatu a asubar da rabin sahunsa suka kwana a bakin kogi ya fahimci wannan babi.

Ban ce komai zai warware da haƙuri da tsarin gida ba. Yashe kogi, sare kachala, gina jinga mai ɗorewa da sanar da jama'a kafin a saki ruwa ayyukan hukuma ne, kuma wani kaso na rashin barcin talakan Guri ya samo asali ne daga rashin tabbas kan ko za a yi su a kan kari. Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan da ke shiga ruwa suna yashe hanyoyin kogin, kuma wannan aiki ne da ya kamata masu faɗa a ji su riƙa bibiyarsa tun cikin Janairu, lokacin da ba kyamarar da ke kallon Haɗeja. Mawadata kuma su tuna cewa buhunan da aka saya a watan Mayu sun fi amfani da arha a kan tabarmi da bargon da za a raba a makarantar firamare a watan Satumba.

Kogin nan dai shi ne arzikin ƙasar. Shi ya sa kasuwar kifi ta Haɗeja ta yi suna har Kudu, shi ke shayar da shinkafa da alkamar da ake taƙama da su, shi ke jawo tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su sauka a dausayin Baturiya da sanyi. Zuwa tsakiyar Oktoba ruwa zai fara janyewa, ya bar laka mai taushi a fadama. Masunta za su fito da taru da mali, hayaƙin banda ya tashi, a fara gyaran fili don alkamar Nuwamba. A wannan kakar ce, in Allah Ya so, za a ɗaura auren ƙaramar 'yar kawuna. 'Ya'yansa maza sun karɓe masa gadin dare, sun raba shi a tsakaninsu, sun kuma ɓoye masa tocila.