Ƙyanda da Dogaran Jiki

A shekarar 2013 ƙyanda ta ɓarke a ƙasar Holan, cikin wata al'ummar Kirista da ba ta yi wa 'ya'yanta rigakafi saboda aƙida. Masu bincike na cibiyar Erasmus da ke Rotadam suka nemi izinin iyaye, suka ɗebi jinin yara tun ciwon bai kama su ba, suka sake ɗiba bayan sun warke. Jinin yara 77 aka auna. Abin da mujallar Science ta buga a 2019 ya isa ya tayar wa kowane uba hankali: yaran sun rasa kashi 11 zuwa 73 cikin ɗari na nau'o'in garkuwar da jininsu ya tara a kan wasu cututtuka. Jikinsu ya manta da maƙiyan da ya taɓa kayarwa.

Ta yaya? Idan yaro ya shaƙi ƙwayar ƙyanda, masu fara tarar ta a huhu su ne ƙwayoyin garkuwar da aikinsu haɗiye duk wani baƙo. Su take nema. A jikinsu akwai wata ƙofa da ake kira CD150, wadda Yusuke Yanagi da abokan aikinsa a Japan suka gano a 2000 cewa ta nan ƙyanda ke shiga. Sai ya zama dogari ya goyo ɓarawo har cikin fada, domin ƙwayoyin nan kai tsaye suke wucewa wuraren da kaluluwa ke fitowa, inda fararen ƙwayoyin jini masu riƙe da tarihin cututtukan baya suke cunkushe. Ƙyanda ta kama su, ta hayayyafa a cikinsu, su kuma su bi jini su kai ta saifa, hanji da fata. A ƙarshe su dawo da ita maƙogwaro, yaro ya yi tari, ta faɗa kan na kusa da shi. Duk wannan kafin ƙuraje su fito sosai.

Tun 1908 likitan yara Clemens von Pirquet ya lura a Biyana cewa yaran da gwajin fata na tarin fuka ke nunawa a jikinsu, ya daina nunawa idan suna ƙyanda. Uwayenmu ma sun san bayan baƙon dauro ake fargabar gudawa da ciwon haƙarƙari, kuma su ne ke yawan ɗauke yara.

Masu binciken na 2019 sun kuma auna jinin yaran da aka yi wa allurar ƙyanda. Garkuwarsu ba ta ragu ba.