3.4 Ganin Aikin Enzayim a Kan Bangon Ƙwayar Tsiro

Kamar yadda aka yi bayani a sashen da ya gabata, karan masara da na dawa cike suke da selulos, wanda ba komai ba ne illa sukari da aka sarƙa shi ya zama zare. Idan aka warware shi, za a iya mayar da shi man etanol. Enzayim ne ke wannan warwara, sai dai yana da tsada, aikinsa kuma yakan ja baya tun kafin selulos ɗin ya ƙare. An daɗe masana suna auna yawan sukarin da ya fito ne kawai, ba sa ganin abin da ke faruwa a kan zaren.

A shekarar 2011, Kiyohiko Igarashi na Jami'ar Tokyo da abokan aikinsa suka yi amfani da wani madubin bincike mai sauri, wanda ke shafa saman abu da tsinin allura yana fitar da hoto bi da bi. Da shi suka kalli enzayim Cel7A, na naman gwarin nan Trichoderma reesei. Sun ga kowane enzayim yana kama zare ɗaya, yana bin sa ta fuska guda yana gutsura, cikin saurin kimanin nanomita 7 a daƙiƙa. Amma da zarar na gaba ya ci karo da wani tudu ya tsaya, sai na baya su yi cincirindo a bayansa, tamkar motoci a ƙunƙuntar hanya. Wani lokaci taruwar tasu kan ture tudun, tafiya ta ci gaba. Da aka jiƙa selulos ɗin da amoniya tsarinsa ya sauya, sai hanyoyin bi suka ƙaru, cunkoson ya ragu. Ke nan ƙara yawan enzayim kaɗai ba zai magance matsalar ba matuƙar hanyoyin ba su ƙaru ba.

Sai dai tataccen selulos aka yi wannan gwaji da shi, alhali a jikin kara lignin ya lulluɓe zaren. A 2012, Shi-You Ding da abokan aikinsa a Kolorado ta Amurka suka ɗauki hoton karan masara, inda suka nuna cewa narkewa ta fi sauri idan aka cire lignin aka bar zaren yadda yake, domin a lokacin ne enzayim na naman gwari ke samun ƙofofin kutsawa cikin bangon.